Yadda Na-iya Ya Feɗe Mai Takalmi

Jikana na fari, tun yana ƙarami ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Ka iya gyaran fanka? Na iya. Ka iya tuƙa jirgi? Na iya, ba a dai ba ni ba ne. Shi ya sa duk layinmu Na-iya ake kiransa, har uwarsa ta bi sahu. Ina son yaron nan, Allah ya sani, amma fankata har yau tana kwance a ƙarƙashin gado, kusoshinta a cikin kofi.

Ƙanwarsa, wadda muke ce wa Shiru, ita ce mai sana'a a hannu. A ɗakin da na yi shekara talatin ina ɗinki ta ajiye kwamfutarta, ta tura kekena lungu. Aikinta gina abubuwa a cikin kwamfuta, kujera ko kwalba ko mutum, yadda za ka juya abin ka ga gabansa da bayansa kamar yana hannunka. Da farko yakan fito toka-toka kamar an ƙera shi da laka, ba ido, ba launi. Daga nan sai a zo wajen da ni ma nake ganewa. Takan tsaga fatar abin a wuraren da ta zaɓa, ta buɗe, ta shimfiɗa a kwance, kamar yadda tela yake farke riga ya baje ta a tebur, ga gaba, ga baya, ga hannaye. A kan wannan shimfiɗar ake sa ido da gashi da launin tufa, sannan kwamfuta ta mayar da fatar jikin mutumin, kowane yanki inda aka ciro shi. Yubi suke ce wa shimfiɗar. Ni dai na ce mata yanka da ɗinki ne, an canja masa suna don a raina mu.

Babban aikinta na farko ya zo daga wani mai takalmi da ke babban titi. Zai buɗe sabon shago ranar Asabar, yana so a kafa ƙaton allo a bayan gilashin gaba, a riƙa nuna shi da kansa yana juyawa a hankali sanye da takalman shagonsa. Ya ce in abin ya yi kyau, duk takalman da zai tallata a waya ita za ta riƙa gina masa, shekara guda cur. In bai yi ba, akwai wani kamfani da ke jira. Saboda wannan aikin Shiru ta bar shagon buga takardu inda take wuni a tsaye, kuma ta rantse ba za ta koma ba.

Mutumin ya zo gida ta ɗauke shi hoto ta kowace fuska. Gajere ne mai tumbi da sanƙo, gashin bakinsa kamar burushi, ga haƙorin gwal guda ta hagu, ga tawadar Allah a kuncin hagu, ita ma ba ƙarama ba. Riga mai gida-gida ya sa. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya rage murya.

"Tawadar nan, 'yata, a ɗan rage ta."

Ranar Laraba, ta gama gina shi, ta saita yadda zai juya, saura fiɗa da sutura, santsi ya kwashe ta a banɗaki, wuyan hannunta na dama ya karye. Asibiti suka ce sai an yi aiki, kwana uku za ta yi. Ana sa ta a mota tana cewa, "Yaya, ka kira mai takalmi, ka roƙe shi ya ɗaga min kwanaki. Kuma kada ka taɓa min kwamfuta."

"Kwantar da hankalinki," in ji shi.

Uwarsu ta bi ta, ni gwiwa ta zaunar da ni a gida. Motar ba ta sha kwana ba na ji shi a waya, ya yi ƙasa da murya irin ta manya.

"Ranka ya daɗe, yayanta ne. Ai ni na koya mata aikin. Asabar tana nan daram, ba abin da zai motsa."

Na jira ya ajiye. "Me ta ce ka faɗa masa?"

"Kaka, in aka ɗaga, kamfanin nan zai ɗauke aikin. Cetonta nake yi. Kuma in mutumin ya ga hannuna, wa ya sani, sai in buɗe ofis in ɗauke ta aiki."

"Kai za ka ɗauke ta aiki."

"Ke ma in ba ki kujerar karɓar baƙi."

"Angona, ka taɓa yin irin wannan?"

"Na kalli bidiyo. Minti tara ne. Na kalli huɗu, sauran maimaici ne."

Na kira uwarsu, ta ce likita ya hana a tayar wa yarinya hankali kafin a shiga da ita, in bari sai ta fito. Lambar mai takalmi kuwa tana wayar Na-iya, wayar tana aljihunsa. Sai na ja kujera na zauna a bayansa, na ce ko ba komai a samu shaida.

Da safiyar Alhamis ya gano wani maɓalli da ke yanka fatar da kansa. Ya danna, ya harɗe hannu. Mutumin ya tarwatse a kan shimfiɗar, ƙanana-ƙanana, kamar ƙyallayen da nake sharowa daga ƙarƙashin keke. Sun fi ɗari huɗu. Bai damu ba, ya jawo hoton fuskar ya ɗora a kai. Da muka kalli mutumin, ido ɗaya yana gwiwa, kunne yana ƙirji, gashin baki ya watsu wuri goma a jiki kamar tsutsotsi sun hau shi.

Daidai nan maƙwabciyata Uwar Biyu ta shigo tambayar jikin Shiru. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon allon.

"Wannan kuma wace mota ce ta buge shi?"

"Matakin farko ne, Gwaggo," in ji Na-iya. "Haka yake fara fitowa."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita. Uwar Biyu ba ta riƙe magana. Kafin azahar ta dawo da mai askin bakin layi, shi ma ya rufe shago ya ɗauko bencinsa.

"In gashin bakin ya yi maka yawa," mai aski ya ce, "kawo min gwiwar in rage."

Na ga yaron ya fara gumi, na tausaya. Na ce, "Ka goge wannan, ka yanka da hannunka. Ka tsaga ta hammata, ta cikin cinya, ta ƙeya, wuraren da ido ba ya kaiwa. Ina ka taɓa ganin tela ya sa haɗi a tsakiyar ƙirji?"

"Kaka, wannan kimiyya ce, ba zani ba ne."

Yankan dai ya yi da hannunsa, amma ta inda ya ga dama. Ya ɗauko layi daga tsakiyar sanƙo, ya bi ta karan hanci, ya ratsa baki, ya sauka ta cibiya, ya zagaya ta baya. Ya ce haka rabi da rabi za su zo daidai, lissafi ne. Ya ɗora hoton dama a dama, na hagu a hagu. To hoton hagu ta wajen taga aka ɗauka, na dama ta wajen bango. Mutumin ya fito rabin fuska fari, rabi baƙi, ga layi a tsakiya, ƙofar hanci ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo.

Mai aski ya karkata kai. "Shi da ƙaninsa aka haɗa?"

"Ku da ba ku san aikin ba ku yi shiru mana."

"Mun yi. Hancin ne yake magana."

Na-iya ya tashi ya zagaya ɗakin sau biyu, ya dawo yana tafa hannu. Ya ce ya samo dabarar da ko Shiru ba ta kai gare ta ba. Zai ɗauki rabin dama ya kifa shi a kan rabin hagu, su zama ɗaya a kan shimfiɗar. Ka yi wa rabi ado, ɗayan ya samu kyauta. Aikin kwana biyu ya koma na wuni. Hagu ya zaɓa, don hotonta ya fi haske.

Gaskiya layin ya ɓace, fuskar ta haɗu, har na fara cewa madalla. Sai Uwar Biyu ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Ni dai in na ga tagwaye ina gane su."

Tawadar Allah biyu, kowane kunci da tasa. Haƙorin gwal biyu. Agogo a kowane hannu, aljihu biyu, kowanne da bironsa.

Na ce, "Mutumin nan cewa ya yi a rage."

"An rage ai. Kowace ta fi ta asali ƙanƙanta."

"Guda ce ta asalin."

"Guda ɗaya tabo ne, Kaka. Biyu ado ne. Zai gode min."

Ranar Juma'a aka zo kan riga. Yankin tumbi ya fi kowanne girma, ya ƙi shiga shimfiɗar, sai Na-iya ya matse shi ya zama ɗan mitsitsi, ya tura shi lungu. Na hannaye kuwa ya bar su da faɗinsu. Da ya ɗora yadin mai gida-gida, hannayen suka fito da gidaje ƙanana kamar rariya, tumbi kuma gida huɗu kacal suka rufe shi, kowanne ya kai taga.

"Ka yanka yadin ciki ƙarami," na ce masa, "sannan ka ja shi ya rufe tumbi. Dole gidajen su buɗe baki."

"Salo ne. Ƙasashen waje haka ake yi yanzu."

"Kamar ya haɗiye tagar gidansa," in ji mai aski. "Ka sa mata labule."

Mai takalmi ya kira yana so a turo masa ya gani. Na-iya ya ce manyan ma'aikata ba sa nuna aiki sai a ranarsa, kada daɗin ya ragu. Na miƙa hannu in karɓi wayar, ya juya min baya ya fita tsakar gida.

Da la'asar shimfiɗar ta cika maƙil, saura yanki biyu ba su sami wuri ba. Ya ja su nan, ya ja su can, daga ƙarshe ya sake su a kan sauran, a tsakiya, inda hoton fuskar yake.

"Waɗannan fa?" na ce.

"Rara ce."

"Jikin mutum ba ya da rara. Daga ina ka ciro su?"

"Wajen baya ne. Ƙeya da su wando."

"Juya shi mu ga bayan."

"Baya ai baya ne, Kaka. Kuma ba lokaci, injin sai ya yi awa shida yana fitar da bidiyon." Ya danna, ya miƙe, ya yi miƙa. Da bidiyon ya fito ya kalli farkonsa, mutumin bai ko fara juyawa ba, ya kashe. Ya ce ya yi.

Ranar Asabar na sa mai aski ya samo mana mota, don na ce ko da rarrafe sai na je. An jera kujeru a gaban shagon, an ɗaura balan-balan, ga lasifika, ga mutane har bakin titi. An rufe gilashin da farin yadi. Mai takalmi yana tsaye da matarsa, ya sa rigar nan mai gida-gida don a gwada a gani. Uwar yaran ta kira ni ta ce an sallami Shiru, kuma ta faɗa mata komai a mota, sun juyo suna zuwa.

Na-iya ya karɓi lasifika ba wanda ya ba shi. Ya ce aikin da za a gani yau ya ɗauke shi shekaru yana nazari. Ya ce masu son irinsa su same shi bayan taro, amma layi za a bi. Sannan ya ja yadin.

Ga mai takalmi a cikin allo, ya fi na waje tsawo, yana murmushi da gwal biyu. Na waje ya ɗaga hannu a hankali ya shafa kuncinsa na dama, ya duba yatsunsa. Matarsa ta sa gefen mayafi a baki. Wani daga baya ya tambaya ko tagar da ke tumbin ana buɗe ta. Duk da haka da a nan aka tsaya, da an tafa an shiga sayayya.

Sai mutumin ya fara juyawa.

Kafaɗa ta wuce, kunne ya wuce, ƙeya ta bayyana. A tsakiyar sanƙon, ta baya, idanu biyu ne manya, suna kallon jama'a. Wata mata a gaba ta ja kujerarta baya. Idon jama'a ya gangara ƙasa, ya wuce bayan riga, ya isa wando. To a nan, daidai ɗuwawu, daga wannan aljihu zuwa wancan, ga gashin baki ya kwanta, a ƙarƙashinsa ga murmushi cikakke, haƙora a jere, gwal biyu suna ƙyalli.

Dariyar ba lokaci ɗaya ta zo ba. Matarsa ce ta fara, ta riƙe, ta riƙe, ta kasa, ta zauna a kan kwalin takalmi. Daga nan kowa ya samu izini. Wayoyi suka tashi sama. Wata bas ta rage gudu, fasinjoji suka koma gefe ɗaya har ta karkata.

"Kashe shi," in ji mai takalmi.

Na-iya ya ɗauki rimot ya danna. Mutumin ya tsaya cak, a kan bayan. Ya sake dannawa, hoton ya matso kusa, murmushin ya cika gilashin daga wannan bango zuwa wancan.

"Na ƙasan ya fi na sama gyara," mai aski ya ce, yana share hawaye.

"Ranka ya daɗe," in ji Na-iya, bai saki lasifikar ba, "akwai ma'ana a ciki. Wato kana maraba da masu saye ta gaba da ta baya."

Mai takalmi ya ƙwace lasifikar. Jijiyar wuyansa ta tashi. "Ina yarinyar? Ni da ita na yi magana. Yau ɗin nan zan kira kamfanin, kuma duk wanda ya tambaye ni ita, zan nuna masa wannan."

Ga ta kuwa tana saukowa daga mota, hannu a naɗe a rataye a wuya. Ta kalli gilashin, ta kalli yayanta. Ban san lokacin da na miƙe ba, gwiwar ma ban ji ta ba.

"Malam, saurara," na ce. "Yarinyar nan tun Laraba tana asibiti, ga hannun kana gani. Ta ba da saƙo a roƙe ka ka ɗaga mata kwanaki. Wannan dogon ya karɓi saƙon ya haɗiye. Ina zaune a bayansa ya yi ɓarnar, da idona."

"Mama, an mayar da ni abin dariya a ƙofar shagona."

"An mayar. Ba zan ce maka ba a mayar ba. Amma ka san wanda za ka kama."

Shiru ta karɓi rimot da hannun hagu, ta danna sau biyu, hoton ya sauka ƙasa, ya tsaya a ƙafafu. "Baba, dubi nan. Su kaɗai na gama kafin in faɗi."

Allah ya taimake mu, takalman shimfiɗarsu daban take, hannun Na-iya bai kai gare su ba. Baƙar fata tana sheƙi, ana ganin zaren ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har 'yar lanƙwasar da fata take yi wajen yatsu. Mai takalmi ya matsa, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ya san takalmi.

"Sun fi na kan kanta kyau," matarsa ta ce daga kan kwalin.

"Ke kuma kin gama dariyar?"

"Saura kaɗan."

"Ba ni mako uku, Baba," in ji Shiru. "Da hagu zan yi, a hankali. In bai yi maka ba, ni da kaina zan kira maka kamfanin."

Ya shafa sanƙo, kamar yana neman idanun. "Mako uku gilashi ba kowa a ciki? Na sanar wa duk gari za a ga mutum yana juyawa."

Matarsa ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta kalli Na-iya daga sama har ƙasa. Lokacin yana ta matsawa wajen bas.

"Lamba nawa kake sawa?" ta ce.

Haka aka sauke allon, aka kawo wani ɗan teburi mai faɗi aka sa a bayan gilashi. Daga tara na safe zuwa biyar na yamma, Na-iya yana kai, sanye da takalman shago, yana juyawa a hankali. Kowace awa a canja masa wasu. A kwana na uku na kai masa maganin jiri. Ya leƙo ta gefen gilashin yana raɗa.

"Kaka, jiya wani mai kwat ya tsaya yana kallona minti biyar. Ina jin daga kamfanin yake. Za su neme ni."

"Juya, angona, maigidanka yana kallo."

Ya juya.

Shiru kuwa ta goge duk abin da ya yi, ta fara daga farko da hannun hagu, tana yi tana tsaki. Ina gefenta ina riƙe mata kofi, wani lokaci in ce a tsaga ta nan, wani lokaci ta ce a'a Kaka, ta nan. Kwana goma sha tara ta ɗauka. Mai takalmi ya zo har gida, ya sa aka juya mutumin sau shida, sau huɗu a ciki wando kawai yake dubawa. Sannan ya ce Litinin zai aiko da takalma ashirin ta fara.

Ranar da aka mayar da allon, aka sauke Na-iya daga teburi. Ya fito waje ya tsaya tare da mu, hannu a aljihu, yana kallon mutumin yana juyawa a bayan gilashi. Ya bari ya zagayo sau biyu.

"Ba laifi," ya ce wa ƙanwarsa. "Kin yi ƙoƙari. Sai dai wajen juyin, ki zo in nuna miki yadda ake sa ƙafa."